Guduma Mai Lamba Goma Sha Bakwai

Unguwar Boro,
Kaduna.

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya sauke ki lafiya, ya raba ki da sharrin hanya da na mutanen hanya, ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Mamanki tana gaishe ki, ko da yake a yanzu da nake rubutun nan kina ɗakinki kina ninke kaya, bango ɗaya ne tsakaninmu. Kin ga irin jaruntar ubanki ke nan: ya kasa yin taku biyar ya yi magana da 'yarsa, sai ya ɗauki biro. Zan cusa takardar a ƙasan jakarki, ƙarƙashin zannuwa, don na san hannunki ba zai kai wurin ba sai kin isa.

Na san kina fushi da ni, kuma kina da gaskiya. Ranar Lahadi bayan sujada kin kawo mini takardar ɗaukarki aikin gandun daji, kika durƙusa kika ce, "Baba, sa mini albarka." Na yi tari, na ce mamanki ta yi addu'a, na tashi na fita wai zan duba famfo. Babu abin da ya sami famfon. Mamanki ta gaya mini kin yi kuka, kin ce wataƙila ina ganin aikin daji ba na mace ba ne. Ba haka ba ne, Rifkatu. Da na karanta takardar na ga yankin garinmu aka tura ki, inda na yi aikina na ƙarshe, sai na nemi hanyar fita. Ita kuma kalmar da kika roƙa, na daɗe da ɓata ta a bakina. Ki yi tunani ki gani: shekara nawa rabon da ki ji ta daga gare ni? Kullum "Allah ya kiyaye" ne, ko "Allah ya taimaka." Yau zan gaya miki dalili, kafin ki ji shi a bakin wasu.

Bari in fara daga farko. Kin taso kina gaya wa ƙawayenki babanki malamin daji ne, kina ɗaga kai. Ni kuwa da kunya na shiga aikin. A zamaninmu duk saurayin da ya zo Kaduna daga kudu, masaƙa yake nema a Kakuri. 'Yan masaƙa ne masu sabon keke da agogo, su ne 'yan mata ke tsayawa su gaisar a bakin coci. Sau uku na bi layi ba a ɗauke ni ba, sai wani kawuna ya samo mini aikin daji. In an tambaye ni inda nake aiki, sai in ce "gwamnati," in haɗiye sauran. Mamanki ma sai da magana ta yi nisa tsakaninmu ta san gaskiya. Ta yi dariya ta ce da ta sani tun farko, da ta sa ina kawo mata itacen girki maimakon sabulu.

A wurina daji wuri ne da babu komai a cikinsa, sai sauro da macizai. Na yi shekaru ina tsaron dukiya ban san dukiya ba ce. Ban gane ba sai bayan na yi ritaya, da zaman gida ya ishe ni, na fara zuwa rumfar abokina Malam Iliya kafinta a Sabon Tasha, ina zama kan benci ina kallon masu sayen katako. Wata rana aka sauke mota guda, Malam Iliya ya ce da ni, "Malamin daji, ƙirga mini bakin da ya ci abinci a kan itacen nan." Na fara da mai injin yanka, da masu ɗauko shi daga daji, da direba, da masu saukewa. Ya ce in ci gaba. Na ce mai rumfar katako, da kafinta, da mai ƙusa, da mai fenti, da mai kura da zai tura shi gidan mai gini. Ya nuna mini matar da ke zuwa kwasar garin katako tana shimfiɗa wa kajinta, da mai abincin da ke dafa wake da guntayen da suka rage. Na gaji da ƙirge ban kai ƙarshe ba. Masu tura kurar nan, da yawansu tsofaffin 'yan masaƙa ne, waɗanda nake jin kishinsu a dā. Masaƙa ta rufe, dajin da na raina shi ke ciyar da su.

Ki duba ko'ina ki gani. Rufin gida, ƙofa, gado, bencin makaranta, turken wuta, takardar nan da ke hannunki, har akwatin da za a sa ni a ciki. Ki ƙara da man kaɗanya da daddawa da zuma da saiwar magani da gawayi. Ki ƙara da abin da ke shiga baitulmali daga kuɗin izinin yanka, in ma'aikaci bai karkatar da shi ba. Mutanen ƙasar nan suna maganar man fetur kamar shi kaɗai muke da shi, alhali rijiyar mai in ta ƙafe ta ƙafe ke nan, itace kuwa ana yanka a dasa wani. Don haka shawarata ta farko: kada ki ji kunyar takalmin roba da taɓo a ƙafarki. In an tambaye ki aikinki, ki faɗe shi duka. Ni da na raina nawa, da aka zo saye ban tsaya ciniki ba.

Kuskurena na biyu ya shafi dashe. Kowace damina akwai ranar dashen itatuwa. Muna reno tsiron malaina a 'yan ledoji, a kai su fili, manya su zo da manyan riguna, kowa ya dasa ɗaya, a ɗauki hoto, a sha lemo, a watse. Aikina ne in koma in duba su, in sa a kewaye su da ƙaya, in tabbatar sun sha ruwa in damina ta ɗauke. Ban koma ba. Awaki suka cinye rabi, rani ya ƙarasa sauran. Da lokacin rahoto ya yi, na zauna a ofis ƙarƙashin fanka na rubuta cewa dashe ya kama. Shekara ta zagayo muka sake haƙa ramuka a filin nan dai, muka sake shan lemo.

A ɗaya daga cikin irin waɗannan ranaku, yayata, wato gwaggonki Saratu, ta zo kallo. Da aka watse ta ga wasu tsirrai goma sha biyu da ledarsu ta fashe an yasar a gefe. Ta ce, "Yohanna, waɗannan fa?" Na ce, "Shara ce, Yaya, ɗauki in kina so." Ta ɗora su a kwano ta kai bakin gonarta. Rani guda tana ɗaukar ruwa a ka tana ba su. Yau in kin shiga garin ta gabas za ki gan su a jere, sun fi soron coci tsawo. Da iska ta kwashe rufin aji ɗaya a makarantar firamare, biyu daga cikinsu aka yanka aka yi rafta, ta kuma dasa huɗu a madadinsu. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta yi aikin da gwamnati ke biyana in yi.

To, ki riƙe wannan. Dashe ba a ranar hoto yake ba, a watan Maris yake, lokacin da ƙasa ta yi zafi ba mai son fita. Ki koma da ƙafarki ki ƙirga waɗanda suka rayu. In goma ne ki rubuta goma, ko da ogan ofis zai ɓata rai. Wanda ke babban ofis da takardarki yake lissafin abin da ƙasa ke da shi, in kin ba shi dajin ƙarya zai ba da izinin yanka na gaske. Ni na cika fayil da itatuwan da babu tsuntsun da ya taɓa sauka a kansu.

Yanzu na zo kan guduma. An koya miki a makaranta, amma bari in faɗa miki yadda take a hannu. Ƙaramar guduma ce ta ƙarfe, a fuskarta an zana lamba. Kowane malamin daji da tasa lambar, tawa goma sha bakwai ce. Ƙa'ida ita ce ka shiga daji da ƙafarka, ka auna kaurin itace da tef, in ya kai girman yanka kuma mai shi yana da famit, sai a sare, ka buga gudumar a kan kututture da kan gungumen. Duk gungumen da ke ɗauke da lamba halal ne, ba mai tare shi a hanya. Wanda babu lamba na sata ne. Ke nan dajin duka, da kaurinsa da tsawonsa, a ƙarƙashin wannan ɗan ƙarfe yake.

Akwai wani mai harkar katako, Danladi, mutum mai fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma. Ran da ya fara zuwa wurina, ya riga ya yanka, ya riga ya loda. Ya tsayar da ni a bakin titi ya ce, "Oga, abeg, zo ka sa mana albarka mu wuce, rana na yi." Haka masu katako ke kiran bugun guduma a yankin: sa albarka. Na leƙa motar na ga maɗobiya ƙanana, wasu ko cinyata ba su kai ba. Na ce, "Danladi, waɗannan ai yara ne." Ya ce, "Oga, an riga an yanka. Ko ka ƙi, ba za su koma su tsaya ba." Na ga kamar maganarsa da ma'ana. Na hau motar na bi su ɗaya bayan ɗaya ina bugawa. Kirsimetin shekarar aka kawo mana bunsuru har gida. Kun ci, kun yi murna, ke har kin roƙi a bar miki ƙahon.

Abin da ban tsaya na yi tunani ba shi ne, saboda ya san zan buga ne ya yanka na gaba. Daga nan na daina shiga daji. A tasha nake zama, a kawo mota in sa albarka. Da tafiya ta yi tafiya, hawan motar ma ya zame mini wahala. In zan taho Kaduna ranar Juma'a sai in naɗe gudumar a tsumma in ba Danladi, ya dawo mini da ita Litinin. Ranar Lahadi kuwa ina gaban ikilisiya cikin farar riga, dattijo guda, ina ɗaga hannu ina sa wa jama'a albarka, gudumata tana can daji tana sa tata. Ban san yadda ƙasa ba ta tsage na shige ba.

Gumaguman nan ba ma a nan ake sarrafa su ba. Ɗungum ake loda su a tirela a kai bakin teku. Malam Iliya ya taɓa nuna mini wata ƙofa da wani mai kuɗi ya sayo daga waje ya kawo a sa masa. Ya shafa ta ya ce, "Ka gane ta? 'Yar garinku ce. Ta je ƙasar waje ta yi karatu ta dawo, yanzu ta fi ƙarfinmu." Muka yi dariya, amma tawa ba ta kai ciki ba. Aikin fira da gogewa da haɗawa, wanda yaranmu za su yi su ci abinci, duk mun loda shi a mota mun aika wa wasu. Shi Malam Iliya a dā mutum takwas ke aiki a rumfarsa, yau su biyu ne. Katakon da ake kawo masa yanzu daga nesa yake zuwa, ɗanye, siriri, ga tsada. Ka yi rufi da shi bana, baɗi ya lanƙwashe. Cocinmu ma da bencina suka karye, kujerun roba aka sayo, don ba a iya sayen katakon kirki. Duk ranar Lahadi in na zauna kujerar ta yi ƙara, ni na san wa take kira.

Shawarata a nan gajeriya ce. Gudumarki kada ta kwana a hannun kowa, ko da awa ɗaya ce, ko da mijinki ne. Kada ki buga a kan abin da ba ki gan shi a tsaye ba. Za su ce miki an riga an yanka, za su ce ke mace ce ki ji tausayi, za su ce babanki bai taɓa wahalar da su ba. Wannan ta ƙarshen gaskiya ce, kuma ita ce za ta fi yi miki zafi. Ki bar ta ta yi zafin, ki riƙe tef ɗinki. Kuma ki lura, ba da kuɗi suke farawa ba. Da doya suke farawa, da gaisuwa, da "Madam, ya gajiya."

Saura babban, wanda saboda shi na ɗauki biro. Kwana biyu ina kewaya shi.

Kin san kurmin da ke bayan garinmu, inda rafi ke fitowa. Ba ki san shi yadda yake a dā ba. Maɗaci ne da kawo manya-manya, in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi har cikin ƙashi. A bakin kurmin akwai ɗorawa bakwai na kakarki. A wurinmu ba a saran ɗorawa. Gona ta namiji ce, amma ɗorawar da ke cikinta ta mace ce, uwa ke bar wa 'yarta. Da kalwar itatuwan nan kakarki ta yi daddawa ta kai kasuwa ta sa ni a makaranta. Saratu ba ta je ba, ita ce ke wanke kalwa a rafi don ni in je. Da kakarki za ta rasu ta bar wa Saratu su, a gabana.

Danladi ya sa ido a kan maɗacin kurmi. Amma mota ba za ta kai wurin ba sai an buɗe hanya, hanyar kuma ta kan ɗorawar nan za ta bi. Wata Alhamis Saratu ta zo ofishina da ƙafa, zaninta duk ƙaiƙayi. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Yohanna, sun shafa jan fenti a ɗorawar Mama."

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Ba mai taɓa su. Ai ni ne da guduma."

Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Ni da na sha daddawar nan? Je ki gida."

Ta dube ni, ta ce, "To, Allah ya yi maka albarka, ƙanena." Ta tafi.

Washegari Juma'a ce. A lokacin ginin gidan nan ya kai linta, saura rufi, damina kuma ta matso. Danladi ya zo kamar kullum, ya ce, "Oga, maganar rufinka ka bar ta a hannuna." Ban tambaye shi maganar jan fenti ba. Ina so ki gane wannan da kyau: ba mantawa na yi ba. Na tuna sarai, na zaɓi in yi shiru, don in ya zama daga baya in ce ban sani ba. Na naɗe gudumar a tsumma na miƙa masa, na hau mota na taho.

Da na koma Litinin, duka bakwai suna ƙasa. Ba su ma ɗauke su ba, don itacen ɗorawa ba ya katakon kirki, sun ture su gefe ne kawai. Amma sun bi kowane kututture sun buga masa goma sha bakwai, don kada Saratu ta sami bakin kai ƙara. Ina za ta kai? Hukuma ta sa hannu, hukumar kuma ƙanenta ne. Cikin sati uku aka kwashe maɗacin kurmi. Mota guda ta tsaya a ƙofar gidan nan ta sauke rafta. Ki tuna ɗakin da kika girma, Rifkatu: abin da ke bayan silin ɗinsa shi ne. Shekara da shekaru ruwa bai taɓa ɗigo mana ba, ni kuwa ban taɓa kwanciya na dubi sama da daɗin rai ba.

Abin da ya biyo baya za ki gani da idonki. Rafin da ba ya ƙafewa, yanzu kafin Ista ya zama yashi, mata sai sun yi tafiyar awa guda neman ruwa. Masu amya sun sauke amyoyinsu, ƙudan zuma sun ƙaura. Lambunan rani na bakin rafi sun mutu. Samarin da ke noman su suna nan Sabon Tasha suna tuƙa keke mai ƙafa uku, wasu in sun ɗauko ni ba sa karɓar kuɗina, wai ni babansu ne. Na gwammace su zage ni. Saratu, wadda masu sari ke zuwa har ƙofar ɗakinta sayen daddawa, yau kalwa take saye a mudu. Danladi ya ci kurmin sau ɗaya, ya wuce wani yanki. Garin kuwa kowace shekara yake ci a dā, kuma da zai ci gaba da ci har jikokinki.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na sami sauƙi. Bayan shekara biyu kawunmu ya rasu, na je jana'iza, ba yadda zan yi in ƙi shiga gidanta. Tsakar gida cike da mutane. Ta ce, "Malamin daji ya zo, a ba shi wurin zama." Ta shiga ɗaki da kanta ta fito da wata 'yar kujera ta ajiye a gabana. Ashe ta sa an yanko mata saman kututture ɗaya, an yi masa ƙafafu, tana shafa masa man kaɗanya don kada gara ta ci. Lambar tana tsakiya, ta yi baƙi, tana sheƙi. Ta ce, "Zauna mana, Yohanna. Ai taka ce." Na zauna a kan lambata, na ci tuwo, na ce miya ta yi daɗi, na tashi na yi sallama. Ko "yi haƙuri" ban ce ba. Tun daga ranar ban sake taka garin ba. Ku kuna tambaya me ya sa ba ma zuwa Kirsimeti gida, ina ce muku hanya ba kyau.

Tun daga ranar kuma kalmar nan ta maƙale mini. In na buɗe baki zan ce da wani "albarka," sai in ji ƙarar ƙarfe a kan itace. Na ajiye dattijantakar ikilisiya na ce hawan jini ne. Mamanki kaɗai ta sani, ita ma ba ni na gaya mata ba, rafta ta gani ta haɗa lissafinta.

Ga abin da nake roƙonki. Ba umarni ba ne, don ban da bakin ba ki umarni a wannan magana. In kin isa, kafin ki je ofis, ki je ki gaishe da gwaggonki. Ta tsufa, idonta ya rage, amma hankalinta garau yake. Ba za ta ƙi ki ba, tana tambayar labarinki wurin masu zuwa Kaduna. Na san za ta fito miki da kujerar, don ta ga irin malamar dajin da aka kawo musu. Kada ki yi kamar ba ki san komai ba, wannan wasan ni na yi shi, bai kai ni ko'ina ba. Ki karɓa da hannu biyu, ki karanta lambar a fili, ki ce, "Gwaggo, ta babana ce, ya gaya mini da kansa." Ki ce mata Yohanna ya ce ya sani tun ranar Juma'ar, ba ruɗarsa aka yi ba. Ki ce yana neman gafara, kuma in ta yarda zai zo da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa a tsakar gidanta, gaban mutane, yadda ya ci tuwon a gabansu. In ta ce kada in zo, ki gaya mini yadda ta faɗa, kada ki sassauta.

A aljihun gefen jakarki akwai ƙullin leda, kalwa ce na saya na zaɓa ɗaya-ɗaya. Na san ɗorawa tana daɗewa kafin ta yi 'ya'ya, ni da Saratu ba za mu ga kalwarta ba. Ki tambaye ta inda take so a shuka, ita ta san ƙasar fiye da duk abin da aka koya miki. In sun tsiro, naki ne, daga hannunta, yadda aka saba. Kada ki rubuta su a rahoto sai sun wuce bakin akuya.

Sauran 'yan abubuwa: ki riƙa tafasa ruwan sha, ki karkaɗe takalminki kafin ki sa, kada ki shiga daji ke kaɗai ko da kusa ne, kuma in mutanen gari suka ce kada a bi wata hanya yau, kada ki bi. Ki yi abota da mata masu kaɗanya da masu amya, su ne za su gaya miki inda inji ke kuka tun kafin ofis ya ji. Ki riƙa kiran mamanki, kin san halinta, in kwana biyu ya wuce sai ta fara shirya jaka.

Za su ba ki guduma da sabuwar lamba. Ban san ko nawa ba ce. Ina roƙon Allah ya sa ranar da wani zai gan ta a kan kututture, ya ce an auna wannan kafin a yanka. Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki daga maciji da ɗan fashi da mai daɗin baki, ya ba ki ƙarfin da ubanki ya rasa. Ya dawo mana da ke lafiya.

Kin durƙusa kin roƙi abu ɗaya na gudu na bar ki. Hannun da zan ɗora miki shi ne wanda ya naɗe gudumar a tsumma, yanzu kin sani. In har kina so daga wannan hannun, to ga shi, ba a bakin titi ba, ba don a wuce ba: Allah ya sa miki albarka, Rifkatu. Ya sa wa aikinki albarka.

Ni ne babanki,
Yohanna.